Sinadarin da Ba Ya Jiran a Ce Masa Sannu

To, Malam, na ga ka fara murmushin nan naka na "wannan kuma wace tatsuniya ce?" Gyara zama. Akwai wani sinadari mai suna oganeson, lamba ta 118, shi ne autan jadawalin sinadarai. Ba a haƙo shi a ƙasa, ƙera shi ake yi. Kuma rayuwarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Kafin ka ƙifta ido an yi haihuwa, an yi jana'iza.

A Dubna ta ƙasar Rasha aka fara samunsa a 2002, tare da masanan Livermore na Amurka. Sun ɗauki kalifoniyam mai furoton 98, suka yi ta jifansa da kalsiyam mai furoton 20. Lambar sinadari ita ce yawan furotonsa, haɗa lissafin da kanka, ai kai ne sarkin ƙididdiga. Watanni suna wannan jifa, abin da suka samu ƙwayar zarra ɗaya tak. A 2005 aka ƙara biyu.

Hajiya kuma ta ce gani ya kori ji, wa ya gan shi? Babu, Hajiya, ko mutum ɗaya. Amma maharbi ba sai ya ga barewa yake sanin ta wuce ba, sawu yake karantawa. Oganeson idan ya fashe sai ya koma sinadari mai lamba 116, shi kuma ya koma 114, na'ura tana rubuta kowane taku.

Shakkar taku ma ƙarama ce. A 1999 masanan Berkeley suka yi shelar sun gano 118. Abokan aikinsu a Jamus da Japan suka gwada, shiru. Da aka bincika, ashe wani ne a cikinsu ya ƙirƙiri alƙaluman. A 2001 suka janye maganar. Kun ga ku gardamar baki kuke yi a majalisa, su kuwa har injin suke kunnawa don su ƙaryata juna.

Sai a 2016 aka raɗa suna, shekara 14 bayan haihuwa, ba rago ba goro. Sunan masanin kimiyya Yuri Oganessian aka saka, yana raye, ya ji da kunnensa.

Alhaji na can baya yana tambayar nawa ne mudu. Alhaji, duk abin da aka taɓa ƙerawa bai cika ƙwaya goma ba. Nemi wata hajar.