Garantin Motar da Ta Sha Tiyata

Duk mai bin hanyar Daura zuwa Kongolam ya san irin motar: tsohuwar Golf 'yar Kwatano, an ƙara mata sifirin har gindinta ya ɗaga sama, an faɗaɗa tanki, an sauya inji don ta riƙa tashi kamar kibiya. Wai ita ce za a saya wa ƙarin garanti. Ko zai yi amfani? Amsar tana cikin ƙananan rubutun takardar garantin, inda kamfani yakan cire hannunsa daga duk abin da aka sauya wa fasali. Ita kuwa wannan mota, in ban da madubi, babu inda sifanar bakanike ba ta shiga ba. Ke nan madubin aka yi wa garanti.

Wani zai ce ai kwanciyar hankali ake saya. To, a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, saboda haka wadda ta biyo ta daji, mai ita ma ba ya son a tambayi takarda. Garantinta na gaskiya shi ne bakaniken da ya yi tiyatar. Ajiye kuɗinka, malam, ka riƙa kai masa goron Sallah.