Zuwa ga Bawana Bazazzage, Mai Gadin Ganuwa

Bawana, labari ya iso Kano cewa ka kulle jitar ɗanka a ɗaki, ka ɗaure makullin a mazagin wando, don kawai yaro ya ce zai bi abokansa Jos da Legas ya ji irin kiɗan da ake yi a can. Ban yi mamaki ba. Mutumin da in ya kai Kwangila sai ya aika gida a ce ya sauka lafiya, ina zai yarda ɗansa ya ƙetare Kwara?

Abin da ke ba ni dariya, ku ne masu tinƙaho da Sarauniya Amina. Ita an ce duk inda ta yada zango sai ta gina ganuwa ta yi gaba. Ku jikokinta kuka samu ganuwa kuka shige ciki kuka ja tabarma.

Matso in ba ka labarin wani Buzu, ko kunnenka ya buɗe. Mdou Moctar ɗan Nijar ne, daga wajen Abalak. Gidansu ma ba sa son kiɗa, kamar dai gidanka. Da ya rasa jita, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa, da hagu kuma, don bahago ne. Ya tafi Libiya neman kuɗi. A 2008 ya gangaro Sakkwato, ya shiga sutudiyo, ya tarar da na'urar nan da mawaƙan finafinanmu ke lanƙwasa murya da ita, wadda kai kake cewa kukan akuya ce. Shi bai raina ba. Ya ɗora waƙoƙinsa na Buzanci a kanta, aka samu wani sauti wanda Agadas ba ta taɓa ji ba, Sakkwaton ma haka. Faifan shi ne Anar.

Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga wannan waya zuwa waccan waƙoƙin suka riƙa tafiya, ta memori da bulutut, a hannun direbobi da matasa 'yan ci-rani, har suka kai arewacin Mali. Can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a wayoyin mutane, ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011, sannan ya bi sawu har ya gano mai muryar. Yau yaron wayar birki yana cika zauruka a Amurka da Turai. Da ya zauna a gindin tsohonsa, da har yanzu raƙuma kaɗai ke sauraronsa, su kuwa ba sa tafi.

Na san amsarka: wai Bakano ba kiɗa yake ji ba, ƙarar kuɗi yake ji. To, na karɓa. Ai ko kifi ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, ga shi bai taɓa sayar da komai a kasuwar Kwari ba.

Ka kwance makullin nan. Ka sa yaron a mota ya fara sauka wurina, kuɗin motar a kaina, bashi ne, na rubuta. Zan fara koya masa cewa "yarinya ta zo" ake faɗi, ba "ya zo" ba, kada ya je ya rera wa budurwar mutane waƙa ta ɗauka da yayanta yake.