Kunkuru Ma Yana Mura, Alhaji

To, mutanen Takanamat, ku gama dariyarku tukuna, ina jira. Na san abin da ke bakinku: "Malam, akuya ba ta ga likita ba, sai kunkuru?" Ga wani can bayan rumfa yana rantsuwa wai kunkuru dutse ne mai ƙafafu, ba ya ciwo. Gaskiyarka, Alhaji. To ina naka na bara?

Wannan babban kunkuru da ake ajiyewa a gidajen Adar, wasu don yara, wasu don dalilin da ba a faɗa a bainar jama'a, shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da Aldabra. Yakan wuce shekara 70. In naka ya mutu yana ɗan shekara biyar, kada ka zargi maye.

Mu fara da igiya. Ka huda gefen ƙwaryarsa da ƙusa, ka ɗaure shi a gindin dogon yaro, ka tafi ci-rani Abijan hankalinka kwance. Ƙwaryar nan ƙashi ce mai jini da jijiya, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da ita. Hudar takan ruɓe, ƙuda ya zuba tsutsa. Ka ce ai bai yi ƙara ba? Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.

Hajiya, ke ma kada ki sulale. Ragowar tuwo, ƙanzo, shinkafa da mai, duk shi ake turawa, wai ana kyautata masa. Shi kuwa ciyawa ya sani, ɗanya da busasshiya. Abincin tukunya da rashin rana su ke sa ƙwarya ta yi laushi ko ta karkace, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Maganin ba ya cin ko dala: ciyawa, ɗan dakakken ɓawon ƙwai a kai, a bar shi ya sha hantsi. A kuma kwashe leda daga tsakar gida, don yana haɗiyewa ta toshe masa hanji.

"Ai ba ya shan ruwa." Wa ya gaya muku? A daji rami mai zurfi yake haƙawa, ya kwanta cikin laima har zafi ya wuce. Kai ka aje shi bisa siminti a watan Afrilu na Tawa, ba inuwa, ba ƙasar tono. Ƙishirwa ke tara masa tsakuwa a mafitsara. Faranti mai faɗi marar zurfi ya ishe shi. Da hunturu kuma, in ka ga kumfa a hancinsa yana numfashi baki buɗe, sanyi ya kama huhu: a kai shi wurin likitan dabbobi, a daina ɗura masa ƙwayar da aka sayo a tebur.

Masu garke, ku da kuka fi kowa dariya, ku duba hammatarsa. Saboda kaskar da ke maƙale a nan, mai ɗauke da cutar shanu da tumaki, Amurka ta hana shigar da irin wannan kunkuru a 2000. Kashinsa kuma yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo, don haka yaron da ya hau bayansa ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a akushi.

Tun 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Wanda kuka gani a daji, don Allah ku bar shi a raminsa. Alhaji, kai kuma je ka kwance igiyar.