Kallon Kifi Ba Kamawa

Na san abin da za ku ce, mutanen Kontagora. Wai mutum da hankalinsa ya biya kuɗi, ya goya tulun iska, ya saka takalmin agwagwa, ya nutsa ƙasan teku don ya kalli kifi kawai, ya fito hannu rabbana, ko tarwaɗa ɗaya babu? Ga Alhaji can a ƙarshen tabarma har ya yanke hukunci: rashin aikin yi ne.

Ranka ya daɗe, da ka je Makka jirginku ya keta Bahar Maliya kana ta sharar barci. Can ƙasa, daura da Fot Sudan, akwai Umbria, jirgin ruwan Italiya da matuƙansa suka nutsar da hannunsu a 1940 don kada sojan Ingila su ƙwace bama-baman da ya ɗauko. Yana nan kwance a kan haƙarƙarinsa, murjani ya lulluɓe shi, kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna shige da fice ta tagoginsa. Har motocin Fiat uku na ciki, ba direba, ba ɗan kamasho.

Kuma kada ku ɗauka wasan yara ne. Kowace mita 10 ka sauka, ruwa na ƙara danne ka da nauyi daidai da na iskar da ke kanka a tudu. Ka yi gaggawar fitowa, iskar da ta narke a jininka ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza, sai asibiti.

Za ku ce ai mu ba mu da teku. Gaskiya ne, amma muna da Kainji a jiharmu. Tun da aka gama madatsar a 1968, tsohuwar Bussa na ƙarƙashin tafkin, gari sukutum, har da duwatsun da kwale-kwalen Mungo Park ya maƙale ya halaka a 1806. Gangara Jebba kuma, nan jirgin Dayspring ya daki dutse a 1857, Samuel Ajayi Crowther na ciki, ya tsira. Da a Masar waɗannan suke, da tuni ana yankan tikiti.

Inda kuka ci ni ɗaya ne: ruwanmu jaja-jaja ne, in damina ta kankama ko tafin hannunka ba ka gani. Shi ya sa na fi jinjina wa Sarkawan Yawuri. Ba tulu, ba tabarau, numfashi ɗaya, da lalube suke aikinsu a cikin duhu. Su in sun yi wa mai kallon kifi dariya, sun isa. Ku fa, da rafin bayan gari in ya kawo sai ku naɗe ƙafar wando ku tsaya jiran ya janye?