Ciyawar Da Na Ɗauka Aikin Gadi

Sauron unguwarmu ne ya ja mini. Wani dare a damina, ina kwance ina marin kaina, na ci karo a waya da labarin wata ciyawar ruwa mai suna Utricularia, wai ba ta da saiwa, kuma 'ya'yan sauro take ci. Na tashi zaune. Ciyawa mai cin nama! Aka ce iri-irinta sun haura 200, wasu ma suna nan a tafkunan ƙasar Hausa, mu muna wuce su muna sayen igiyar leƙo.

Da tafiya ta kai ni wajen fadamar Haɗejiya, na nuna wa wani dattijo masunci hoton. Ya dube shi, ya dube ni.

"Wannan tarkacen da ke liƙe mana a koma? Shi ka zo nema daga Kano, yaro?"

"Shi fa, Baba."

Ya cika mini leda, ya ƙi karɓar ko sisi. Da alama tausayina ya ji.

Na sayi akwatin gilashi irin na kiwon kifi, na kafa a falo kusa da taga. Abin kamar koren zare ne da ya cukurkuɗe, amma in ka kafa ido sai ka ga 'yan jakunkuna a jikinsa, ko ƙwayar gero ba su kai ba. Kowace jaka tarko ce. Tana fitar da ruwan cikinta har ta lotse, ta rufe ƙofa ta yi lamo. Ƙwaro na taɓa gashin bakin ƙofar, sai ta zuƙe shi da ruwan gaba ɗaya, cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Darwin kansa, da ya yi littafi kan irin waɗannan tsirrai a 1875, ya zaci ƙwarin ne ke tura ƙofar su shiga da ƙafarsu, sai wata Ba'amurkiya, Mary Treat, ta gyara masa. Duk wannan na karanta wa maiɗakina. Ta ce, "To Malam, miya ake yi da ita?"

Mako ɗaya ban ga ta ƙaru ba, sai jinin manoma ya motsa. Na barbaɗa mata takin zamani, cokali biyu. Ashe ita wannan baiwar Allah ruwan da babu komai a cikinsa take so, irin na sama, yunwar wurin ce ma ta koya mata farauta. Kwana huɗu ruwan ya koma kamar miyar kuka. Gansakuka ta rufe ko'ina, ni kuwa ina ta murna wai ciyawata ta yi ƙiba.

Sai maganar abinci. Mai gadi ai sai da tuwo. Na ajiye bokiti uku na ruwa a bayan ɗaki don sauro su yi ƙwai, kullum da safe in ɗebo 'ya'yan da rariyar shayi in zuba. Abin da ban lissafa ba, tarkon ƙanana kaɗai yake iya haɗiyewa, kuma cikin kwana goma ɗan sauro ya yi fiffike. Wato na buɗe wa sauro makarantar kwana, da ɗakin karatu a falona. Maƙwabcinmu ya fara tambaya ko mun lura da sauron bana. Na ce wallahi sai addu'a.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni, Hajiyarmu ta zo dubiya. Ta tsaya gaban gilashin ta daɗe.

"Wannan ne abin da ake ce mini kana ba shi nama?"

"Hajiya, kimiyya ce."

"Kimiyyar ce ta kai ka kemis?"

Ban tanka ba. Da na warke na ɗauko gilashin ƙara girma don in ƙirga tarkunan. Na juya koren nan sama da ƙasa, babu jaka ko ɗaya. Nan maiɗakina ta ce ai tun makonni uku da suka wuce ta tsame "dattin" da ke yawo a sama, ta watsa a tsohon baho ƙarƙashin indararo. Ashe duk hidimar nan gansakuka nake yi wa.

Na zaga bayan gida. Baho cike da ruwan sama, ba taki, ba mai leƙawa. Ga ciyawata ta bazu, har ta ɗago wani ɗan fure rawaya sama da ruwa, tsaf kamar ba ta san ni ba.

Bokitan an kifar. Akwatin gilashin yanzu albasa ke ciki. Ni kuma an kafa mini doka a gidan: kada in kusanci bahon nan.