Satumba a Coventry, Lokacin Ɗaure Kaya

Digiri na biyu a Ingila shekara guda ne cak. A shiga aji a Satumba, a miƙa kundin bincike kafin wata Satumbar ta wuce, sai a fara cigiyar mai sayen tukunya da bargo. A makonnin nan na ɗaure kaya halin kowa ke fitowa fili, kuma 'yan Arewan da ke karatu a Coventry ba su bar mai kallo da kewa ba.

Ga Malam Canji. Tun da aka saki naira ta nemi matsayinta a Yunin 2023, bawan Allahn nan bai ƙara sayen ko burodi a Aldi ba sai ya buga lissafi a waya. Ka ce masa a je a sha shayi, ya dubi farashi ya yi salati: "Ai wannan cefanen gidanmu ne!" Landan tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa, amma har ya gama bai taka ta ba. Mun yi masa dariya, sai dai dariyar ba ta yi ƙarfi ba, domin rabinmu a wurinsa muka ci bashi.

Sai wanda jikinsa ne kawai ya bar Kano. Akwatunansa biyu masu kilo 23 kuka ce da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kaɗai ya bari, shi ma don doka ta hana shiga da nama, kuma har yau bai yafe ba. Freedom Radio yake saurare ta intanet. Ya san farashin buhun gero a Dawanau, amma ka tambaye shi sunan malamar da ke duba bincikensa sai ya leƙa takarda. Duk ranar da ya ɗora miya sai ƙararrawar gobara ta fito da 'yan gidan waje cikin sanyi, ɗaliban Sin da na Indiya suna hararar sa. To amma ranar Sallah, da aka sauko idi aka koma aji ba hutu ba hawan sarki, ɗakinsa muka cika maƙil, har da masu kiran sa baƙauye.

Mai hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Dusar ƙanƙara ta zuba sau ɗaya, shi kuwa yana ta saka hotunanta a Facebook har Yuli.

Wanda nake tausayi shi ne ɗan aikin dare. Doka ta ba ɗalibi awa 20 a mako lokacin karatu, shi kuma ya cinye su tas a gidan kula da tsofaffi, da safe ya zo aji ya rama barci. A gida an ɗauka shara yake yi da fam. Ƙanwa na son waya, kawu na son gudummawar biki.

Akwai kuma Mai Shirin Dawowa. Masu tallafin karatu na Chevening dole su koma gida na shekara biyu, don haka ba su da ta cewa. Shi kuwa da kuɗin gida ya zo, ga bizar zama ta bayan karatu da aka buɗe a 2021. Daga Janairun 2024 an hana irinsa zuwa da iyali, saboda haka uwargida tana can tana jira. Mahaifiyarsa ta kira: "Yaushe ne dawowar?" Ya ce, "Hajiya, ana nan ana shiri, ku dai sa mu a addu'a." Tun bara yake shirin.

Na ƙarshe shi ne wanda ya riga mu sauka gida. An ce a Afrilu aka gan shi a Zoo Road cikin kwat mai kauri, gumi na zuba, yana yi wa mai adaidaita faɗa ta hanci don ya makara da minti biyar. Mai adaidaitan ya saurare shi har ya gama, sannan ya ƙara masa naira ɗari biyu.