Ragon Kaka da Matattun Kuɗi

Maiɗakina ta sauka a tsakiyar Fabrairun 2023, an samu namiji. Duk wanda ya zo barka sai ya ƙara da "Allah ya hore kuɗin rago," domin a makon nan ko attajirin Gusau aljihunsa iska ce. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin ya cika ranar 10 ga wata, sababbin kuwa sai dai a ji labarinsu. Jama'a na kwana a layin banki, masu POS ana gaishe su da "ranka ya daɗe". Ni kuma ga ni da tsofaffin 'yan dubu-dubu na naira dubu 50, waɗanda wani bawan Allah ya biya ni bashi da su ana gobe wa'adi zai cika. Allah ya saka masa daidai da niyyarsa.

Sai dabara ta faɗo mini. Ƙanwar kakata na zaune a wani ƙauye can bayan Kwatarkwashi, tana kiwon tumaki. Ba lantarki, ba famfo, ba kwalta, mota ba ta shiga sai da rani, shi ma direba na tsaki. Na ce a raina, labarin da ya rikita Abuja zai yi wata bai ƙarasa can ba. In miƙa mata kuɗin, in ɗauko rago, kafin ta farga an raɗa suna an ci nama.

Ranar Asabar na shiga motar Tsafe, na sauka a Kwatarkwashi. Garin nan a ƙaramar hukumar Bungudu yake, alhali Bungudu na yamma da Gusau kan hanyar Sakkwato, shi kuwa yana gabas kan hanyar Funtuwa. Wanda ya shata iyakar shi ya san dalilinsa. A gindin dutsen da a da mutane ke hawa su kamo maiki lokacin biki na tsayar da ɗan kabu-kabu. Bai ko amsa gaisuwa ba ya ce, "Alhaji, sabon kuɗi ko taransifa?" Na ce masa in mun isa ma yi magana.

Muka bi burtali cikin hazo, gonaki an girbe sai tarin karan dawa. A wani busasshen gulbi rairayi ya riƙe babur, muka sauka muna turawa, yaron na riƙe da kai, ni da shaddata ina baya.

Kaka na hango ni ta rangaɗa guɗa. "Ga maigidana ya tuna da uwargida! Halan amaryar birni ta kore ka?" Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo hura da nono, aka kawo hoce da ƙuli. A ƙauye ba a ɗaga maganar ciniki da ƙurar hanya a ƙafa. Sai da na gaida mai unguwa da liman, na yi ta'aziyyar mutum uku da ban taɓa gani ba, aka yi azahar, sannan ta kai ni bayan ɗaki. Ga shi nan, ɗan uda, gaba baƙi baya fari, ya ci harawa da dusa har wuya ya yi tozo. Ta sa dubu 60. Na taya 40, ta ce albarka, ta ce ko sadakinta ya fi haka. Muka yi ta ja har ta sallama a 48.

Na zaro kuɗin na jera a tabarma. Ko taɓawa ba ta yi ba. Ta leƙa ta kan darni ta ƙwala wa maƙwabcinta kira: "Malam, taho ka ga gawa, maigidana ya kawo muna jana'iza!"

Wani dattijo ya shigo da rediyo rataye a kafaɗa. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya zauna ya gyara murya. Ya ce ranar 8 ga wata Kotun Ƙoli ta ce a dakata, kuma Kaduna da Kogi da Zamfara tamu ne suka kai ƙara. Ranar 15 aka ɗage zaman zuwa 22. "Shekaranjiya kau Buhari ya hwaɗi da bakinai, ɗari biyu ɗai ta rage, ita ma zuwa 10 ga Afrilu. Wanga naka, sai abin da alƙalai suka ce." Dattijon nan da asuba yana Landan, da hantsi yana Jamus, kafin ya kwanta ya leƙa Amurka da Faransa. Ni mai babbar waya a bakinsa na fara jin maganar 22 ga wata.

Sai taransifa ke nan. Kaka ba ta da asusu, amma yaron da ke cajin waya da sola yana da shi, kuma ta asusunsa kuɗin rabin garin ke bi. Matsalar ita ce sabis. Duk ƙauyen wuri ɗaya ake samunsa, bisa wani dutse a bayan gari, daidai wata tsaga da aka yi wa alama da fasasshen tulu. Na kama hawa da takalmin birni, yara na biye da ni suna ba da shawara. A rabin hanya wandona ya yi wata ƙara, shawarar ta koma shewa. Da na kai sama na tarar da layi. Na baro layi a Gusau, ga shi ya riga ni zuwa. Da aka zo kaina aka ce in fuskanci gabas in ɗaga hannu sama, kamar ɗan firamaren da fitsari ya matsa.

Kuɗin suka fita daga wajena, ba su shiga wajen yaron ba. Na nuna wa Kaka rubutun da ke cewa an tura. Tun Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara mutanen nan suka daina ɗaukar alkawarin waya da muhimmanci. Na ce, "Kaka, ai suna hanya." Ta ce, "To madalla, rago ma yana hanya."

La'asar ta wuce. Ɗan kabu-kabu ya ce shi ba ya bin dajin nan da yamma ko da sabon kuɗi, kuma ba wanda ya nemi ya faɗi dalili. Aka ba ni ɗakin zaure da bargo mai warin hayaƙi. Can tsakar dare na ji "gwaram!", aka sake, "gwaram!" Ban san ina da gudu ba sai daren nan. Na tsallake turmi, na kutsa ƙarƙashin rumbu, inda kajin gidan ke kwana, su kuwa suka ɗauki kururuwa. 'Yan banga suka shigo da tocila suna neman muzuru, suka iske ƙafafuna a waje. Ashe ragona ne, ko in ce ragon Kaka, ke gwada ƙahonsa da ƙyauren kwano. Da gari ya waye matan da ke daka har sun sa ni a waƙa.

Da hantsi muka sake hawa dutsen da wandon aro, kuɗin suka iso. Aka ɗaure ragon tsakanina da ɗan kabu-kabu, kafin Kwatarkwashi ya jiƙe mini cinya. Ɗan kabu-kabun ya caje ni kuɗin kwana da kuɗin fasinja biyu, direban Gusau ya ce rago kujera guda ne. Da na haɗa lissafi, da a kara na saye shi da na samu canjin goro da alawa.

Tsofaffin takardun na rabu da su wajen wani ɗan kasuwar hatsi, dubu 50 a kan 35, ina ta gode masa. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a ci gaba da karɓarsu har 31 ga Disamba. Ba a yi mako ba sai ga ɗan kabu-kabun a ƙofar gidana da ƙullin daddawa da saƙon baki. Kaka ta ce a gaya wa maigidanta gawa ta tashi, in da saura ya kawo, akwai tunkiya mai ciki.